Ƙafa Huɗu Zuwa Tabotaki

Ango ɗan maƙera ne gaba da baya. Ubansa Tsoho maƙeri, kakansa maƙeri, uwarsa ma daga gidan maƙeran Garhanga aka ɗauko ta. An haife shi a Tabotaki ranar da ake bikin wani kawunsa, sunan kuwa ya manne masa har kabari; na yankan ba mai tunawa da shi sai liman. Gidansu yana can bisa tudu, inda gari ya ƙare dutse ya soma, kuma tun daga ƙoramar da ke gindin tudun mutum kan ji amon masaba ya san ko ana aiki ko an tashi.

Maza biyu Tsoho ya bari. Babban shi ne Barmo, wanda ya gaji maƙera da duk abin da ke cikinta. Mutum ne mai nauyin jiki, mai nauyin baki, sai ya wuni bai ce uffan ba, amma ran da ya buɗe bakin nan sai wani ya kwana da maganar. Ango kuwa tun yana kan zuga-zugi aka san ba zai zauna ba. Hannu yana da shi, har tsofaffi na cewa ya fi wansa gane launin ƙarfe a wuta, amma gindinsa ba ya son ƙasa. Wata shekara ya kai gatura kasuwar Buza, ya ga kamiyo, babbar motar kaya, yana lodin gyaɗa, ya tsaya kallo har aka ɗaure igiya. Gaturan da ba a saya ba sun koma gida a hannun wani, shi bai koma ba.

A Madawa ya yi karen mota. Ya sha zagi, ya sha turi, ya sha kwanciya ƙarƙashin mota, baƙin mai yana ɗiga masa a fuska, har ya samu takardar tuƙi ya zama direban wani ɗan kasuwa. A shekarar da Faransawa suka miƙa mulki maigidan nasa ya yi sabuwar mota, ya sallame shi da tsohuwar bashe, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tanti. Ta tsufa, amma da sauran ranta. Da ita ya riƙa bin kasuwanni tsakanin Madawa da Buza, ya ɗauki albasa, ya ɗauki awaki, ya ɗora mutane bisa albasar. Ya auri Cima, mace mai haƙuri wadda bakinta ba ya ɓoye gaskiya, ya kama gida bayan tasha. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, mutanen Tabotaki su gan shi zaune a gaban motarsa.

Dama ta zo da Hajo matar Barmo ta haifi ɗa namiji. Ran suna Ango ya wanke mota, ya loda gishiri da goro da turamen zane, ya kama hanya. Tun daga nesa ya danne oda, yana so kowa ya fito, kowa kuwa ya fito. Maza da mata suka gangaro suka jeru bakin ƙorama. Rani ne, babu ruwa ko ɗigo, sai yashi fari mai zurfi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ango ya shiga da gudu. A tsakiya bashe ta tsaya. Ya taka wuta, ƙafafun baya suka riƙa haƙa suna watsa yashi, na gaba kuwa ko motsi, har cikinta ya zauna a ƙasa daram.

Barmo ne ya zo da takarkarai biyu da igiya. Aka ɗaura, aka ja, aka tura, aka fid da ita ta gaɓar da ta fito. Yana kwance igiya ya zagaya motar sannu, ya duƙa ya leƙa, ya miƙe ya ce:

"To, Ango, dabbag ga taka ƙahwa huɗu gare ta, amma biyu ɗai ka aiki. Na gaba hutu su kai? Gurguwa anka saida maka."

Aka kwashe da dariya, har mata na riƙe ciki. Ba wata magana ba ce, irin wadda wa kan yi wa ƙane a ci tuwo a manta. Amma Ango shekara da shekaru yake tanadin wannan rana, ga shi ta ƙare da takarkarai. Ya hau tudu da ƙafa, jama'a na biye da shi, ya wuce zaure, ya shiga rumfar ƙira, ya ɗora tafin hannunsa bisa uwar maƙera, ƙarfen da kakanninsa suka yi duka a kai tun ba a san mota ba.

"Na rantse da uwar maƙera," in ji shi, "ba ni koma taka gidanga sai motag ga ta kawo ni ƙohwatai da ƙahwahunta huɗu."

Dariya ta ɗauke. Hajo da ke ƙofar ɗaki da jariri ta ɗora hannu a ka. A gidan maƙera ba a wasa da wannan rantsuwa. Da ita aka raine su: wane ya rantse ya karya, hannunsa ya shanye, wane ya yi, wuta ta ci rumbunsa da shi a ciki. Ba wanda ya ga waɗannan mutane da idonsa, amma ba wanda ya taɓa tambaya. Liman ya ja Ango gefe ya ce masa rantsuwa da abin da ba Allah ba ba rantsuwa ba ce, ya yi istigfari ya zauna a ci suna. Ango ya saurara cikin ladabi, ya ce ya ji. Sannan ya fita, ya sauka tudu, ya bar goro da gishiri a bakin ƙorama yara suka kwasa. Wauta ce, ba ta da wani suna, kuma tun kafin ya isa Buza ya san wauta ce.

Daga nan rayuwarsa ta tsaya a gaɓar ƙorama. Ran kasuwa ya kawo fasinja har nan, su sauka su ɗauki kayansu su haura, shi ya zauna inuwar mota yana jin amon masabar gidansu. Hajo takan sauko masa da fura, ta tsokane shi yadda matar wa kan tsokani ƙanen miji.

"Mijina na bakin gulbi, yaushe gurguwa za ta warke?"

"Ta kusa," in ji shi kullum.

Barmo ba ya saukowa. A ganinsa babba ba ya zuwa ya zauna bakin hanya don ya gai da ƙanensa sai ka ce baƙo. Gaisuwa dai yakan aiko, Ango ya mayar. Bai kuma taɓa aikowa a ce ya shigo ba, domin shi ma ya yarda da uwar maƙera, ya fi Ango yarda ma.

Ango ya san akwai motocin da ke tafiya da ƙafa huɗu. Ya sha ganin jif ta soja tana ratsa yashin da kamiyo ke kwana a ciki. Akwai wani ƙaramin sanda kusa da direba, karabo ake ce masa, in an ja shi sai ƙafafun gaba su farka su kama aiki. Sayen irin wannan mota kuwa ko a mafarki bai kai ba. Sai labari ya zo cewa wata jif ta kife kusa da Garhanga, ta daɗe kwance, yanzu an yi gwanjonta, kuma maƙeran ƙasar sun haɗu za su yi watanda da ita.

A lokacin maƙera sun soma barin zuwa daji narka tama, tunda ƙarfen mota ya fi sauƙi kuma ya fi kyau. Mutum ɗaya ba ya iya sayen mushen mota, sai a haɗu a saya kamar yadda ake haɗuwa a sayi sa gab da salla, a feɗe, a kasa. Ango ya aika a sa da shi. Ba wanda ya hana, ɗan maƙera ne ko ya ƙi ko ya so.

Ƙarƙashin wani gawo aka feɗe ta, da guduma da kurfin yanka ƙarfe, ana raha. Sunayen nama ma aka ba ta. Ƙarafan da mota ke lilo a kansu aka ce haƙarƙari, su ne kowa ke so don suna yin gatari da wuƙa. Injin da ya riga ya fashe aka ce kai. Babban ƙarfen nan da ke haɗa ƙafa da ƙafa, wanda makanikai ke ce wa pon, na gaba aka ce kafaɗa, na baya aka ce cinya. Aka kasa kashi-kashi, kowa ya ba da ɗan tsinkensa mai alama, aka tsai da wani makiyayi mai wucewa ya ɗora tsinkayen yadda hannunsa ya kai. Na Ango ya faɗa kan haƙarƙari. Nan take ya nemi wanda ya samu kafaɗa da akwatin giya ya ce su yi musaya. Mutumin bai bari ya rufe baki ba, ya kwashi haƙarƙari ya yi gaba kada mahaukacin ya farfaɗo.

Tsinken Barmo kuwa kan cinya ya faɗa. Ran nan ne farkon tsayuwarsu wuri ɗaya tun ranar suna. Sun gaisa da safe, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da komai a ciki. Da aka soma ɗaure kaya, Barmo ya sa ƙafa ya taɓa rabonsa, yana kallon wani wuri can daban, ya ce:

"Cinyag ga ta yi ma jakina nauyi. Wanda yaɗ ɗauki kahwaɗa shi haɗa da ita mana, ai dabba guda ta."

Barmo bai san komai game da cikin mota ba. Kyauta yake son yi wa ƙanensa, bakinsa kuwa bai iya faɗin kyauta ta wata hanya ba. Amma akwai mutane a wurin, wasunsu suna bakin ƙorama ran nan, Ango kuma da ya ji kalmar dabba sai ya ji an koma ɗauko tsohuwar magana.

"Motata ba ta rasa ƙahwahun baya ba, Yaya," in ji shi. "Su ɗai ka aiki, kai da bakinka kah hwaɗi."

Barmo ya dube shi, ya kau da kai. Ya nemi mai raƙumi ya ɗora masa cinyar zuwa Tabotaki.

Ango ya kawo rabonsa Madawa, ya shigar da bashe tsakar gida, ya kewaye ta da zana don kada ƴan tasha su samu abin hira. Ya haƙa rami ƙarƙashinta, ya ɗaga gabanta bisa kututture biyu, da ɗaya ya tsage ya ɗauke tsohon turmin Cima ya tokare. Ya cire ƙafafun gaba da duk abin da ke riƙe da su. Sai ya ga kafaɗar jif ba ta san bashe ba, bashe ba ta san ta ba: inda wannan ke da huda waccan babu, inda ake son tsawo gajere ne. Duk abin da zai haɗa su sai an ƙera shi, kuma ba a sayar da shi a ko'ina.

Shi ke nan, mutumin da ya gudu daga zuga-zugi ya ɗinka zuga-zugi da hannunsa, ya sayi gawayi, ya kafa guntun ƙarfen kamiyo a ƙasa ya zama abin dukansa. Rani guda cur yana ƙira. Ya yanke faifan ƙarfe mai kauri da kurfi, ya huda shi huda bayan huda, don akwatin giyar jif ya zauna bayan injin bashe. Ya ƙera maratayan da za su riƙe kafaɗa. Sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya ta yi tsawo, ya yanke ta, ya ƙera mata zobe, ya gasa zoben ya zura da zafinsa ya huce ya kama gam. Ya lanƙwasa ƙarfen sitiyari sau ba adadi kafin ƙafafu su bi hannu. Ya fasa daɓen mota kusa da kujera ya fito da sandan karabo. Abin da ya lalace ya sake, abin da ya sake ya koma sakewa. Gaskiya kuwa aiki ya yi kyau. Da Tsoho zai tashi ya gani da ya yi shiru, wanda shi ne yabonsa.

Mota ba ta fita, don haka ba abin da ke shigowa. Ƙosan Cima ne ya riƙe gidan. Ba ta yi ƙorafi da yawa ba, sai wata rana da ta kawo masa ruwa bakin rami ta tsaya ta ce:

"Maigida, da ka tai ka ba wanka haƙuri, ai da an gama tun bara."

"Ba shi nir rantse ma ba. In shi na, da sauƙi."

"To ƙarhe na ka jin haƙuri ko mutum?"

Ya ce ta miƙo masa awartaki.

Gab da bazara ya sauke ta daga kan turmi. Ya kai ta kwarin da ke bayan gari, inda yashi ya fi na ƙoramar Tabotaki zurfi, ya shiga tsakiya da gangan ya tsaya. Ya ja karabo, ya taka. Bashe ta yi gurnani, ta girgiza, ta fita kamar ba yashi ba. Ya koma, ta fita. Ya cika ta da ƴan kallo, ta fita. Ango ya kifa kai bisa sitiyari ya yi dariya har hawaye. Tun ran nan ake ce masa Ango Mai Karabo.

Ran kasuwar Tabotaki ya ɗauki Cima, ya sa riga sabuwa. Wannan karon bai danna oda ba, amma labari ya riga shi, gaɓa cike take. Ya ja karabo, ya ratsa ƙorama a natse, yashi na tashi ta ƙafa huɗu. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka bi shi da gudu. Ya fito gaɓar gari, ya kama tudu.

Daga nan ƙasa ta canja, yashi ya ƙare sai fako da dutse. Duk direban jif ya san a nan ake mai da karabo. Ango ma ya sani. Amma cewa ya yi da ƙafafunta huɗu, kuma ba ya so gobe wani ya ce da biyu ta ƙarasa. Ya bar shi. Ba a yi nisa ba sitiyari ya yi tauri, tayoyi suka soma kuka bisa dutse, motar ta riƙa tsalle kaɗan-kaɗan kamar jakin da aka dabaibaye. Ya kai hannu zai mai da sandan, sandan ya ƙi motsi. Ga ƙofar gidansu can, yana ganin zaure, yana ganin hayaƙin rumfar ƙira. Ya ce a ransa saura kaɗan, ya ƙara wuta. Wani abu ya fashe ƙarƙashin kujera da ƙara mai tsanani, baƙin mai ya malalo bisa dutse, bashe ta tsaya.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Barmo ya fito daga zaure da hannuwa baƙi ƙirin, ya tako har wurin, ya tsaya. Tsakanin mota da ƙofa bai fi jifa da dutse ba. Hajo ce ta fara magana.

"Ku tura ta mana! Ga ƙatta nan tsaye. Ba ƙahwa huɗu za ta mirgina ba?"

Samari suka zabura, har wasu sun dafa. Liman ya ce wannan shawara ce mai kyau. Ango na zaune bai ce a'a ba. Yana fata a tura kafin wani ya yi tunani. Sai Barmo ya ɗaga hannu.

"Cewa yay yi ta kawo shi. Bai ce a kawo ta ba." Ya juya ga samarin. "Ku ɗauke hannunku. Ba ni bari a kashe mani ƙane da wayo."

Da tsoro ya faɗe ta, ba da mugunta ba, kowa ya ga haka a fuskarsa. Aka sake kawo takarkarai. Su suka gangara da ita, suka ratsa da ita ƙorama, Ango na riƙe da sitiyari bai waiwaya ba.

A Madawa ya sauke girman kai ya kira Isaka, tsohon makaniki da ya yi aiki a garejin soja. Isaka ya sa aka ɗaga motar duka, ya shafa farar ƙasa a tayar gaba da ta baya, ya ce a juya sandunan da ke kai juyi gaba da baya tare. Alamar baya ta riga ta gaba dawowa. Ya bayyana masa cewa haƙoran da ke cikin pon na jif daban, na bashe daban, don haka ƙafafun baya na sauri na gaba na jan jiki. A yashi ba a gane ba saboda yashi na barin taya ta zame. A dutse kuwa ba zamewa, sai su yi ta kokawa har wani ƙarfe ya karye.

"Akwatin giya na yah hwashe, kuma ana gyara shi," in ji Isaka. "Amma sai ka samo na baya na jif ɗin nan, su zan uwa ɗaya uba ɗaya. Ina yat tahi?"

Ango ya zauna bakin rami, ya tuna cinyar da ya ƙi a Garhanga.

Ya gyara bashe ta koma ƙafa biyu don a samu na tuwo. Ran kasuwa ya jira Hajo a bakin ƙorama, ya sha fura, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ta gaya wa Yaya in cinyar nan tana nan yana so. Hajo ta ajiye ludayi. Ta ce ai tun dawowarsu daga Garhanga Barmo bai ko huta ba ya sa ta a wuta, yana duka kamar mai faɗa da wani. Ta zama gatura da sungumi, tana gonakin mutane. Mako na gaba ta dawo ta ce ta isar da saƙo, kuma ran nan Barmo bai ci tuwo ba.

Sauran shekarun nema ne. Ango ya je Tawa, ya je Ƙonni, ya je Maraɗi, duk inda aka ce an ga mushen jif. Wani wuri maƙera sun riga shi, wani wuri ya samu amma wani iri ne, wani wuri labarin ma ƙarya ne. Ya ji cewa Barmo ma na tambayar fatake a ɓoye. A tsakanin nan aka aurar da babbar ɗiyar Barmo, Ango ya kawo gara har gaɓa ya zauna yana jin kiɗa. Yaron da aka raɗa wa suna ranar rantsuwa ya girma ya soma saukowa da Hajo, yana kiransa Baba na gulbi, don bai taɓa ganinsa a wani wuri ba. Wannan suna ya fi komai ci masa rai.

Sai amon masaba ya soma raguwa. Hajo ta ce tari ne, na ƙirji, irin na maƙera. Ango ya aika da magani daga Madawa, ya aika da zuma. Wata ranar kasuwa ya iso bai ji masaba ba sam, Hajo kuma ba ta sauko ba. Ya bar mota, ya hau tudu da ƙafa, karo na farko tun ran da ta karye. Bai bi ta ƙofa ba. Ya zagaya bayan gida inda ɗakin Barmo ya jingina da katanga, ya tsaya cikin rana ya yi sallama. Aka daɗe, sannan murya ta fito, siririya, ba kamar ta mutumin da ya sani ba.

"Ango na?"

"Ni na, Yaya. Ina jiki?"

"Da godiya." Tari ya sarƙe shi, ya lafa. "Rannan bakin gulbi, wasa ni kai."

"Na sani, Yaya."

"Cinyan nan kuma, da na aje ta."

"Ni niƙ ƙi ta." Ango ya dafa katanga, ƙasar na da zafi. "Yaya, in shigo?"

Yana jin numfashinsa ta cikin bango.

"A'a. Kak ka shigo. Yara na buƙatar hannu guda mai lahiya."

Ango ya ce to. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai Cima shi ne, da ya ji a'ar nan sanyi ya ji a ransa, don tsoro yake ji, kuma ga shi an ɗauke masa nauyi. Ya ƙara tsayawa kaɗan, suka yi maganar ruwa da tsadar gawayi, sannan ya ce fasinja na jira. Ya sauka.

Kafin kasuwa ta zagayo aka aiko Madawa cewa Barmo ya cika. Ango ya tuƙa har gaɓa, ya bar mota, ya ratsa yashi da gudu, ya hau tudu. Bai tsaya shawara da kowa ba, bai ma tuna da rantsuwa ba. Sai da ya ga kansa durƙushe gaban gawa, ana miƙo masa ruwan wanka, sannan ya lura cewa a tsakar gidan ubansa yake. Tsofaffin maƙera na kallonsa. Fuskar Barmo ta rame ƙwarai, gemunsa ya yi fari fat. Ango bai san ya yi fari ba.

Bayan an dawo daga kushewa ya shiga rumfar ƙira ya zauna kusa da uwar maƙera, ya ɗora hannayensa bisa gwiwa, yana jira. Ya yi zaman makoki duka yana jira. Kowace safiya ya buɗe yatsunsa ya rufe, ya ga ko wani ya ƙi. Damina ta zo ta wuce. Rumbu bai ƙone ba, mota ba ta kife ba, ko zazzaɓi bai yi ba. Ya kwaso iyalinsa ya dawo Tabotaki, ya sayar da bashe, ya hura wutar da ta mutu, ya koya wa ɗiyan Barmo ƙira da hannun nan da ya rantse da shi. Hannun kuwa ƙarfi ya ƙara yi. Mutane suka ce uwar maƙera ta yafe masa, liman ya ce dama ya faɗa.

Ango bai yi murna ba ko kaɗan. Ya yi tsawon rai, ya ga jikoki, amma in aka gaishe shi aka ce ina lafiya, sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Wata safiya Cima ta same shi a rumfa kafin a hura wuta, yana juya hannunsa na dama yana dubawa gaba da baya. Ta ce masa ya gode wa Allah mana, shekara nawa ke nan ba abin da ya same shi.

"Shi na ka damuna," in ji shi. "Da ko yatsa guda tac ci, Cima, da na ce ina da dalili. Katanga ɗai at tsakaninmu, yana magana ina ji. Ashe da na shiga, ba abin da za ya samu na."